Tambaya da Amsa: Littattafan da Ke Ba da Labarin Rayuwar Bakin Teburin Sunuka

Wasiƙun wannan makon sun zo ne daga masu buga sunuka da kuma wata uwa da ɗanta ke bugawa. Na haɗa su wuri guda domin amsar wannan tana taɓa ta wancan.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne, kuma da yamma nakan buga sunuka a unguwarmu. Kwanaki na kalli wani tsohon fim baƙi-da-fari na Paul Newman, inda yake yawo gari-gari da sandarsa yana cin kuɗin mutane a kan tebur. Shin akwai littattafan da ke ba da labarin irin waɗannan mutane? Da wanne zan fara?
Daga wani matashi a Fagge, Kano

AMSA: Ƙanena, fim ɗin da ka kalla na 1961 ne, kuma daga littafi aka ciro shi. Sunan littafin The Hustler, Walter Tevis ne ya wallafa shi a 1959, kuma da shi nake so ka fara. Ba shi da kauri, Turancinsa miƙaƙƙe ne, wanda ya gama sakandare da kyau zai karanta shi ba sai ya ajiye ƙamus a gefe ba.

Amma tun da wuri ka raba wasa biyu a ranka. Teburin da ke rumfunan unguwanninmu, mai ƙwallaye 15 masu lamba da fara guda, na Amurkawa ne. Wanda ake nunawa daga Ingila a talabijin, mai jajaye 15 da masu launi 6, tsawon teburinsa ƙafa 12 ne, kuma dokokinsa daban. Littattafan Amurka a kan na farko suke magana, na Birtaniya a kan na biyu, kuma irin rayuwar da ta taso a gefen kowanne ba ɗaya ba ce.

Tevis ya san abin da yake rubutawa. An haife shi a 1928, ya girma a jihar Kentucky, kuma lokacin da yake karatu a jami'a ya yi aiki a gidan wasan da ke garin Lexington, yana jera ƙwallaye yana kallon yadda manya ke wasa da kuɗi. Shi ya sa idan ya kwatanta maka ƙarar haɗuwar ƙwallo da ƙwallo, ko yadda ɗan wasa ke goga alli a bakin sanda yana zagaya tebur, za ka ji ba labari aka ba shi ba.

Jarumin littafin, Eddie Felson, saurayi ne mai hannu. Ya taso tun daga Kalifoniya ya zo Shikago domin ya kara da wanda kowa ya sallama wa, wani ƙaton mutum mai tsafta da ake kira Minnesota Fats. Suka shiga wasa, dare ya raba, gari ya waye, rana ta sake faɗuwa. Eddie ya ci dubban daloli, abokin tafiyarsa yana ce masa su tashi haka nan, shi kuwa ya ce ba zai ajiye sanda ba sai Fats ya furta da bakinsa cewa ya gaji. A nan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai a duk littafin. Fats ya je ya wanke hannu da fuska, ya gyara jikinsa, ya dawo bakin tebur tamkar yanzu ya shigo. Eddie kuwa barasa ta riga ta hau kansa, barci ya cika masa ido. Bai ankara ba, duk abin da ya tara ya koma inda ya fito, har da na aljihunsa. Daga baya ya je wani ƙazamin gidan wasa ya yaudari 'yan ƙananan 'yan caca, ya kasa ɓoye gwanintarsa don girman kai, suka kama shi suka karya masa manyan yatsun hannu biyu.

Wani attajirin ɗan caca mai suna Bert ne ya gaya masa gaskiyar da ba ya son ji, cewa ba ƙwarewa ya rasa ba, hali ya rasa, kuma shi da kansa ya nemi dalilin faɗuwa ya riƙe domin ya samu abin kare kansa. Ni a ganina wannan ne zuciyar littafin. Na ga samari da yawa a bakin tebur da ke da hannun da ya fi na kowa, amma da zarar wasa ya yi zafi sai ka ji an fara cewa teburin ne ya karkace, ko sandar ce ta lanƙwashe. Tevis ya gane wannan ciwon, ya rubuta shi ba tare da ya wulaƙanta mai shi ba. Ina gargaɗinka dai, akwai shaye-shaye a ciki, akwai zaman namiji da mace ba aure. Bai yi musu ado ba, ya nuna su da irin ɓarnar da suke yi. Shi kansa marubucin barasa ta cinye masa shekaru, tun daga 1963 bai sake fitar da littafin ƙagaggen labari ba sai 1980.

A shekarar da ya mutu, 1984, ya fitar da ci-gaban labarin, The Color of Money, inda Eddie ya manyanta, idonsa ya fara rauni, samari sun mamaye fagen. Fim ɗin 1986 mai wannan suna, wanda ya ba Paul Newman kyautar Oscar, labarinsa ya sha bamban da na littafin, don haka kallon fim ɗin bai ɗauke maka karatun ba.

Idan ka gama da ƙagaggen labari, sai ka koma ga mutanen gaske, kuma a nan abin ya fi ban mamaki. Akwai wani ɗan caca mai ƙiba da yawan surutu, Rudolf Wanderone, wanda aka sani da New York Fats. Da fim ya fito a 1961 ya karɓu, sai ya ce ai shi aka kwaikwaya, ya ɗauki sunan Minnesota Fats ya liƙa wa kansa, ya ci abinci da shi har ya mutu a 1996. Tevis ya yi ta musantawa, yana cewa daga kansa ya ƙago mutumin, amma ina, jama'a sun riga sun karɓa. Wanderone yana da littafinsa, The Bank Shot and Other Great Robberies, na 1966. Ka karanta shi don nishaɗi, kada ka ɗauke shi tarihi, domin mutumin gwanin shara ta ne, kuma bai taɓa cin wata babbar gasa ba.

Kishiyarsa ta kowace fuska shi ne Willie Mosconi, ɗan garin Philadelphia, wanda aka haifa a 1913. Mahaifinsa yana da gidan wasan amma ba ya so yaron ya koya, sai ya riƙa kulle ƙwallaye da sanduna. Yaron ya koma ɗauko dankali daga kicin yana bugawa da sandar tsintsiya. Wannan yaron ne a 1954, a garin Springfield na jihar Ohio, ya jefa ƙwallo 526 a jere ba tare da ya kuskure ko ɗaya ba. Ka tsaya ka auna wannan. A irin wasan da yake yi, sai ka faɗi ƙwallon da za ka jefa da ramin da za ta shiga, idan ka cinye 14 a sake jera su a bar maka guda, ita ce za ka jefa ta yadda farar za ta fasa sabon jerin. Sai a 2019 John Schmidt ya wuce shi, ya jefa 626. Mosconi ne kuma ya koya wa Paul Newman riƙon sanda domin fim ɗin da ka kalla. Tarihin rayuwarsa, Willie's Game, ya fito a 1993, shekarar da ya mutu. Za ka ga mutum ne mai zafin rai, wanda ya tsani a haɗa sana'arsa da caca, yana shiga fili da kwat da laƙataye domin a girmama wasan.

Mutanen nan biyu ba sa ga-maciji. A ranar 14 ga Fabrairun 1978 aka haɗa su a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York, aka nuna a talabijin, Mosconi ya yi nasara a tebur, Fats kuma ya kwashe zukatan 'yan kallo da bakinsa. R. A. Dyer ya rubuta littafi guda a kan wannan gaba, The Hustler & The Champ, a 2007. Amma na fi son littafinsa na farko, Hustler Days, na 2003, wanda ya bi rayuwar Fats da Jersey Red da Luther Lassiter, da kuma gasar da 'yan'uwan nan biyu na gidan Jansco suka fara a 1961 a wani ƙaramin gari mai suna Johnston City a jihar Illinois. Kowace shekara 'yan caca daga ko'ina a Amurka sukan taru a can, a yi gasa a fili, a yi cacar gaske a ɗakin baya, har jami'an gwamnati suka kai samame a 1972.

Na ƙarshe, kuma ka bar shi sai ka ƙara shekaru, shi ne McGoorty, wanda Robert Byrne ya fitar a 1972. Byrne ya zauna da Danny McGoorty, tsohon ɗan wasa da ciwon daji ke ci, ya naɗi maganarsa a rikoda. Tsohon ya ba da labarin yadda yake ɗarewa jirgin ƙasa na kaya ba tikiti, yana kwana a kurkuku, yana tashi a buge, da yadda ya ga manyan gwanaye irin su Willie Hoppe da idonsa. Bakinsa ba linzami, akwai batsa, shi ya sa na ce ka jinkirta. Amma a duk littattafan nan babu wanda ya kai shi faɗin gaskiya a kan abin da wannan yawon ke mayar da mutum.

TAMBAYA: Ni ba labari nake nema ba. Ina son littafin da zai gyara mini hannu. Ina jefa ƙwallo, amma farar takan tsaya inda ba na so.
Daga wani mai ɗinki a Jos

AMSA: Malam, ka riga ka gano matsalarka da kanka, kuma ita ce matsalar kusan kowa. Jefa ƙwallo a rami kowa yana koya cikin 'yan watanni. Sanin inda farar za ta tsaya shi ne wasan.

Ka nemi Byrne's Standard Book of Pool and Billiards, na shi wannan Robert Byrne ɗin, wanda ya fara fitowa a 1978. Cike yake da zane-zane, ko Turanci bai zauna maka sosai ba za ka bi zanen. Idan kana son dalilin kowane abu, akwai The Illustrated Principles of Pool and Billiards na David Alciatore, na 2004. Shi tsohon malamin injiniyanci ne a wata jami'ar jihar Colorado, kuma yana da bidiyoyi masu yawa a YouTube da ke nuna abin da ke cikin littafin.

Ga ɗanɗano, ka gwada yau da yamma. Ajiye ƙwallo a gaban rami, ka sa farar a miƙe da ita kamar taku biyu na hannu. Buga farar a ɗan ƙasan tsakiyarta da ƙarfi matsakaici: za ta tsaya cak a inda ta daki ɗayar, domin ta iso tana zamewa ne, ba ta gangarowa. Buga ta a sama, za ta bi bayan ɗayar. Buga ta can ƙasa, sanda a kwance, ka bar sandar ta wuce gaba kada ka fizge ta, za ta dawo maka baya. Yanzu sai ka karkata bugun kaɗan, ka sake yin irin na farko mai zamewa. Farar za ta kauce ta bi layin da ya yi kusurwa 90 da hanyar da ɗayar ta bi, kowane lokaci. Wanda ya riƙe wannan layin a idonsa ya daina jefa fara a rami bisa kuskure. Kuma ka riƙa goga alli kafin kowane bugu na ƙasa ko na gefe, rashinsa ne ke sa sanda ta zame ta yi wannan ƙarar mara daɗi.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana da shekara 17. Daga makaranta sai rumfar sunuka, wani lokacin har a kira magariba bai dawo ba. Yanzu kuma na ga yana karanta labaran 'yan wasan a wayarsa. Tsorona kada karatun nan ya ƙara tura shi caca. In hana shi ne gaba ɗaya?
Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Hukuncin caca a fili yake a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda aka haɗa ta da giya, aka ce tana jefa gaba tsakanin mutane, tana kange su daga ambaton Allah da salla. Yaron da magariba ke samu a bakin tebur, ko bai sa ko sisi ba, wani ɓangare na ayar ya riga ya taɓa shi. Wannan kam ba abin sassauci ba ne.

Amma ga ra'ayina a kan karatun, kuma na daɗe ina tunaninsa. Gajerun bidiyoyin waya ne ke ƙawata wannan rayuwa, domin suna nuna bugun gwaninta na daƙiƙa goma da damin kuɗi, su yanke. Littafi mai kyau ba ya yankewa a nan, yana bin mutum har tsufansa. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Ned Polsky, wanda shi ma ɗan wasan ne, ya zauna cikin waɗannan mutane ya rubuta Hustlers, Beats, and Others a 1967. Ya bayyana sana'ar dalla-dalla: dole mutum ya ɓoye iyawarsa, ya kuskure da gangan, ya ci da ƙyar ta yadda wanda ake cuta zai ɗauka sa'a ce kawai, ya sake zuba kuɗi. Wato sana'a ce da aka gina kan ƙarya tun daga sallama. Ya kuma nuna cewa gidajen wasan nan sun bunƙasa ne a zamanin da biranen Amurka suka cika da gwauraye marasa iyali, da aure ya yawaita sai suka fara mutuwa. Wannan bayanin ya sa na sake kallon rumfunanmu da wani ido. Yawancin yaran da ke cika su ba wasan ne kaɗai ya kai su ba, wurin zama suke nema inda za a san da su, a yaba musu idan sun yi abin kirki.

Idan ɗanki zai karanta guda ɗaya, ki sa a nemo masa tarihin Alex Higgins, ko The Hurricane na Bill Borrows, na 2002, ko wanda shi Higgins ɗin ya ba da da bakinsa a 2007, From the Eye of the Hurricane. Ɗan talakawan birnin Belfast ne, ya ci kofin duniya na sunukar Ingila a 1972 yana da shekara 22, ya sake ci a 1982, ya tsaya a gaban kyamara yana kuka yana miƙa hannu a kawo masa jaririyar 'yarsa. Duk Birtaniya ta so shi a wannan daren. Sai giya da cacar tseren dawaki da faɗa da hukumar wasan suka bi shi, aure ya mutu, dukiya ta tafi, ciwon dajin maƙogwaro ya kama shi. A 2010 aka tarar da gawarsa shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a Belfast, yana da shekara 61, ya rame har ba a gane shi. Akwai kuma Willie Thorne, wanda ya rubuta Taking a Punt on My Life a 2011, yana bayyana yadda caca ta karya shi duk da suna da aikin talabijin da yake da su. Babu yaron da zai kai ƙarshen waɗannan littattafai ya ce ga rayuwar da yake so.

Haka ma Running the Table na L. Jon Wertheim, na 2007, labarin Danny Basavich, wani saurayi ɗan New Jersey mai fama da ƙiba da ciwon damuwa, wanda ya bar makaranta ya shiga yawon caca. Akwai ban dariya a ciki, akwai daren da aljihu ke cika, amma marubucin bai ɓoye ranakun da yaron ke kasa tashi daga gado ba. Ya kuma nuna yadda intanet ta kashe sana'ar, tunda yau ka ci wani a wannan gari, gobe hotonka ya riga ka isa gari na gaba.

Saboda haka ba na ba ki shawarar hani kai-tsaye, don yaro mai shekara 17 idan aka toshe masa ƙofa yakan koma yi a ɓoye, kuma a ɓoyen ne miyagun abokai ke samunsa. Ki sa babansa, ko kawunsa, ko wani yayansa mai hankali, ya bi shi rumfar wata rana ya zauna ya kalla. Abin da za a duba kaɗan ne. Ana ɗora kuɗi a kan wasa? Masu kallo suna zuba nasu a gefe? Me ake sha a wurin? Ana tashi idan an kira salla? Akwai kuma al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur. Yara ba sa ɗaukarta caca, amma daga nan hanya ke farawa, kuma ya kamata a kai wa malamin unguwa ya yi musu bayani. Ni dai abin da nake gaya wa nawa shi ne kowa ya biya rabonsa tun kafin a fasa ƙwallaye. A yanka masa lokaci, bayan la'asar zuwa kafin magariba, kuma sai an ga aikin makaranta. Idan rumfar ta lalace, a raba shi da rumfar, a nema masa wani teburin.

TAMBAYA: Duk sunayen da nake ji na Turawa ne. Babu baƙar fata ko mutanen wasu ƙasashe da suka yi fice? Kuma ni O'Sullivan nake so, yana da littafi?
Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi

AMSA: Akwai, Alhaji, kuma sunan farko da nake so ka riƙe shi ne Cisero Murphy, baƙar fata ɗan unguwar Brooklyn a New York. Shekaru ana hana shi shiga manyan gasa saboda launin fatarsa, alhali kowa ya san irin hannunsa. Da aka buɗe masa ƙofa a 1965, a karon farko ya ɗauke kofin duniya a garin Burbank na Kalifoniya. An sa shi cikin jerin gwarazan wasan na Amurka a 1995, ya mutu shekara guda bayan haka.

Sai Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda da yawa daga cikin 'yan wasan kansu ke cewa ba a yi kamarsa ba. An haife shi a 1954, aka kai shi birnin Manila yana ƙarami wurin kawunsa mai gidan wasa, yana aiki da rana yana kwana a kan tebur da dare. A 1985 ya shiga gasa a Amurka da sunan aro, Cesar Morales, ya cinye ta kafin a gane ko shi waye. A 1999 ya ci kofin duniya a Cardiff. Shi kam bidiyonsa za ka nema, ka kalli yadda yake fitar da farar ƙwallo daga inda kowa ya ce babu hanya, yana dariya.

Ronnie O'Sullivan yana da littattafai, kuma wanda na fi so shi ne Running, na 2013. Ka san shi da kofin duniya 7 da kuma maki 147, wato cikakken maki a bugu ɗaya ba kuskure, da ya haɗa cikin minti 5 da daƙiƙa 8 a 1997. Abin da littafin zai ƙara maka shi ne abin da ke bayan wannan. Yana da shekara 16 aka ɗaure mahaifinsa a 1992 bisa laifin kisa, bai fito ba sai 2010. Yaron ya ci babbar gasar Birtaniya a 1993 yana da shekara 17, sannan ya faɗa shaye-shaye da ciwon damuwa. A littafin yana bayyana yadda gudun safe a cikin daji da laka ya zame masa magani, da yadda likitan ƙwaƙwalwa Steve Peters ya koya masa zama a kujera cikin natsuwa yayin da abokin karawa ke kan tebur. Wannan zaman jiran shi ne ya fi wahala a sunukar Ingila, domin kana iya shafe rabin awa ba ka taɓa sanda ba, kana kallon ana tara maki a kanka.

Idan kuma kana son sanin yadda wasan ya zama abin da ya zama a can, ka nemi Pocket Money na Gordon Burn, na 1986. An rubuta shi ne jim kaɗan bayan wasan ƙarshe na kofin duniya na 1985 a zauren Crucible da ke Sheffield, inda Dennis Taylor ya doke Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, mutum miliyan 18.5 suna zaune gaban talabijin bayan sha biyun dare. Burn ya bi 'yan wasan tsawon kaka guda, ya nuna yadda manajan 'yan wasa Barry Hearn ya mayar da Davis da abokansa hajar talla, har da turare, yayin da irin su Higgins da Jimmy White ke can ɗaya gefen suna rayuwar dare. Turancinsa ya fi na sauran nauyi, kuma tunda kai ta Faransanci ka yi boko kamar yadda ka ambata a ƙarshen wasiƙarka, ka fara da na O'Sullivan, wanda aka rubuta da harshen hira. Yawancin waɗannan littattafai tsofaffi ne, samunsu a shagon littattafai na gari zai yi wuya, amma ana sayar da na hannu a intanet da araha, wasu kuma akwai su a Kindle.